Yadda Za Ka Samu Masanin da Zai Tsare Maka Gini da Kuɗinka a Garwa da Kewaye

Gidana na farko a Garwa, arewacin Kamaru, ta waya na gina shi, ina can Duwala ina kasuwanci. Duk ƙarshen wata in tura kuɗi, ƙanena ya karɓa ya miƙa wa magini. Maginin ne ke sayo kaya, shi ke yin aikin, shi ne kuma ke gaya mana da bakinsa cewa aiki ya yi kyau. Damina biyu kacal bangon falo ya tsage daga taga har ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga. Da na kawo injiniya, sai ya sa aka tone gefen harsashi ya nuna mini da idona: ramin bai kai inda ƙasa ta yi ƙarfi ba, rodin da ke cikin ginshiƙi kuma bai kai kaurin wanda aka karɓi kuɗinsa ba. Ƙanena bai ci ko dala ba, bai dai san abin da zai duba ba ne. Kuɗin da gyaran ya ci ya ninka abin da zan biya injiniyan da tun farko na ɗauke shi.

Abin da na ɗauka daga wannan asara shi ne ginshiƙin duk bayanin da ke tafe: mai yin aiki daban, mai duba aiki daban, kuma mai dubawar daga aljihunka kaɗai zai ci. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: fili da ƙasar da ke cikinsa

Kafin ka nemi magini, nemi mai awon fili, wanda muke kira jewometir. Shi zai tabbatar maka da iyakoki, ya kafa duwatsun shaida, ya gaya maka ko wani ɓangare na filin ya faɗa cikin hanya ko filin gwamnati. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu tana da amfaninta a matsayin shaida, amma ba ita ce mallaka a idon hukuma ba. A Kamaru, tun dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974, titir fonsiye ita ce takardar mallaka, kuma filin da ke da ita ba a sayar da shi sai ta hannun notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki. Ofishin ma'aikatar filaye, wato MINDCAF, nan ake zuwa a duba ko sunan da ke kan takardar na wanda ke sayar maka ne, da ko an jinginar da filin a banki.

Sai maganar ƙasa, wadda mutanenmu suka fi rainawa. Arewacin Kamaru ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Akwai wurin da za ka tona kaɗan ka tarar da dutse ko jar ƙasa mai ƙarfi, akwai kuma baƙar laka da Fulani ke kira karal, irin wadda ake shuka dawar rani, muskuwari, a kanta a wajen Marwa da Yaguwa da Kusiri. Wannan laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan rani ya yi, kuma duk shekara tana ɗaga gini tana sauke shi. Harsashin da ya riƙe gidan maƙwabcin surukinka a wata unguwa ba lallai ya riƙe naka ba. Idan bene za ka yi, awon ƙasa dole ne. Hukumar LABOGENIE da wasu kamfanoni masu izini suna yin wannan aiki. Idan gidan ƙasa ne, aƙalla ka sa a tona ramuka biyu ko uku injiniya ya leƙa.

Ka kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ya cika aka saki ruwan madatsar Lagdo. Mutanen Arewa Mai Nisa su tambayi na 2024, na Njamena su tambayi na 2022 da 2024. Amsar da za su ba ka ita za ta nuna tsayin da daɓen gidanka zai yi daga titi. Wannan tambaya kyauta ce, kuma babu zanen da zai maye gurbinta.

Mataki na biyu: san wanda ke yin me

Mukan tara kowa mu kira shi injiniya, alhali aikinsu ya bambanta.

Mai zanen gini, arshitek, shi ke tsara ɗakuna, inda ƙofa za ta kalla, inda iska za ta ratsa, yadda tsakar gida za ta samu sutura daga idon baƙon da ke zaure. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, mai zane nagari zai rage maka tagogi ta yamma, ya ɗaga rufi, ya bar baranda mai inuwa. Injiniyan gini shi ke lissafin ƙarfi: zurfin harsashi, kaurin ginshiƙi, yawan rodi. Teknisiye, wanda ya yi makarantar fasaha ko ya samu difilomar BTS a fannin gini, shi ya fi dacewa ya riƙa tsayawa a wurin aiki kullum ko bayan kwana biyu. Ɗan kwangila kuwa shi ke kawo birkiloli da kafintoci da leburori ya yi aikin.

Ga ƙaramin gida, injiniya ɗaya mai gaskiya ya isa ya yi maka lissafi, ya taya ka zaɓen ɗan kwangila, ya riƙa zuwa dubawa. Ga bene ko shaguna masu hawa, kada ka haɗa ayyukan a hannun mutum ɗaya. A watan Yulin 2023 bene ya rufta a Duwala ya kashe fiye da mutum 30, a cikin makon kuma wani ya rufta a Gaundare. Duk mai shirin ɗora hawa a kan ginin da ba a yi lissafinsa don hawa ba, ya tuna da waɗannan mutane.

Ina ake samunsu? Injiniyoyin gini suna da ƙungiyar da doka ta kafa, ONIGC, masu zane kuma suna da ONAC, kowane mamba da lambarsa. Ka nemi lambar, ka tabbatar. Makarantar Politeknik ta Jami'ar Marwa tana yaye matasa a wannan fanni, da yawansu 'ya'yan yankin ne da suka san karal tun suna yara. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Ka ce ya kai ka gini biyu da ya kula da su waɗanda suka ga damina uku ko fiye. Ka koma kai kaɗai wata rana, ka yi sallama da mai gidan, ka ce: "Alhaji, don Allah da za ka sake gini, shi za ka sake ɗauka?" Yadda zai amsa, har da ɗan shirun da zai yi kafin ya amsa, ya ishe ka.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada ka yarda ɗan kwangila ya kawo maka mai duba shi. Kada kuma ka ɗauki injiniyan da ke da shagon siminti ko yake karɓar la'ada a wurin masu rodi. Ku yi magana a fili kan ladansa tun ranar farko, ko kaso ne daga kuɗin ginin, ko kuɗin wata, ko kuɗin kowace ziyara, a rubuta har da yawan zuwan da zai yi.

Mataki na uku: zane da izinin gini

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta wajabta izinin gini, kuma ofishin magajin gari ke bayarwa. Za a nemi shaidar mallakar fili, takardar da ke nuna abin da aka yarda a gina a wurin, zane, da ƙiyasin kuɗi. Mai zanenka ya san hanyar, bar shi ya haɗa takardun, amma rasit ɗin duk abin da aka biya ya zo hannunka. Wanda ya tsallake wannan yakan wayi gari ya ga jan fentin hukuma, alamar tsayar da aiki ko rusau, a bangonsa. In kuma kana da niyyar neman rancen gina gida a Crédit Foncier ko wani banki, ba za su saurare ka ba sai da titir da izini.

Ku zauna da uwargida a kan zanen kafin a sa hannu. Ita ta san inda madafa ya kamata ya kasance da inda za a yi shanya. Matsar da bango a takarda ba ya cin komai, amma matsar da shi bayan an ɗora bulo yana cin siminti da jinin mai gida.

Mataki na huɗu: debi, inda kuɗi ke ɓuya

Debi ita ce takardar ƙiyasin kaya da kuɗi. A nan ne aka fi cutar mutane, a nan ne kuma masani ya fi biyan kuɗinsa.

Debin da ta ce "harsashi: kuɗi kaza, bango: kuɗi kaza" ba debi ba ce. Ta gaske tana faɗin adadi: kankare mita kubik nawa, buhun siminti nawa, rodi mai lamba 6 da 8 da 10 da 12 (kaurinsa ke nan a milimita) sanda nawa-nawa, bulo nawa, yashi da tsakuwa mota nawa, sannan farashin kowanne, kuɗin aikin hannu kuma a gefe guda. Ka sa injiniyanka ya fitar da adadin kayan daga zane, ba tare da farashi ba. Wannan takarda ɗaya za ka ba 'yan kwangila uku kowa ya cike farashinsa. Ta haka ne kawai za ka iya gwada su, domin kowa ya yi magana a kan abu ɗaya.

Kai ma ka riƙe 'yan lissafi kaɗan a ka, don kada a yi maka magana kamar baƙo. Buhun siminti kilo 50 ne. Kankaren ginshiƙi da linta da dakin, wato rufin kankare, ana zuba masa kilo 350 a kowace mita kubik, wato buhu 7. Ginshiƙi mai faɗin santimita 20 kowane gefe da tsayin mita 3 yana cin kilo 42, kusan buhu guda ke nan. Idan gidanka na da ginshiƙi 16 aka ce maka buhu 8 sun isa, an rage ƙarfi. Idan aka ce 40, wani zai gina ɗakinsa da kuɗinka. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 da rabi a kowace murabba'in mita ta bango. Injiniyoyin da na yi aiki da su ba sa yarda a fitar da fiye da bulo 30 zuwa 35 mai kaurin santimita 15 daga buhu ɗaya. Wanda ya ja shi zuwa 50, bulonsa da hannu ake marmasa shi. Sandar rodi kuma mita 12 ce, a auna tsawo, a auna kauri da ma'auni, domin akwai wanda ake sayarwa da sunan 10 alhali bai kai ba.

Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin TVA, wanda yake kashi 19.25 cikin 100. Kamfani mai rajista zai sa shi, ƙaramin ɗan kwangila sau da yawa ba ya sawa, kuma wannan kaɗai na iya sa ɗaya ya zama kamar ya fi tsada. Ka duba abin da aka bari a waje: shadda da ramin ruwan wanka, katanga, ƙofar gida, jan wutar lantarki da ruwan Camwater, jigilar kaya, ruwan aiki, ladan mai gadi. Waɗannan su ne ke fitowa daga baya ɗaya bayan ɗaya har mutum ya ce an yi masa asiri.

Sannan ka ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na jimlar, ka ajiye, kada ka gaya wa kowa. Siminti na tashi ko da yake masana'antar Figil na kusa da mu, rodi kuwa daga kudu yake zuwa, ta jirgin ƙasa zuwa Gaundare ko ta mota, kuma duk abin da ya sami hanya yana samun farashi. Yashi ma yana tsada idan mayo, wato kogi, ya cika da damina.

Mataki na biyar: zaɓen ɗan kwangila

Araha ba ta ado. Idan biyu sun zo kusa da juna na ukun ya faɗo ƙasa sosai, to ko dai bai fahimci aikin ba, ko ya yi niyyar cike giɓin daga simintinka. Injiniyanka zai nuna maka layin da aka rage.

Za ka zaɓi ɗaya daga hanya biyu. Ko ka ba shi komai ya miƙo maka makulli, ko ka biya shi aikin hannu kawai kai ka sayi kaya. Ta farko ta fi hutu, ta fi dacewa da wanda ke nesa, amma sai da dubawa mai tsanani. Ta biyu takan fi sauƙin kuɗi, sai dai tana bukatar sito mai makulli da amintaccen mutum mai littafi, wanda zai rubuta buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, a wane aiki. A nan ne ɗan'uwa ke da amfani. Ba shi makullin sito da littafi, amma kada ka ɗora masa hukuncin ko kankare ya yi kyau. Biyan magini kuɗin yini a babban aiki kuwa, ban ba ka shawara ba, aikin ba ya ƙarewa.

Mataki na shida: a rubuta

Na san abin da ke hana mu: kunya. Ɗan kwangilar abokin Baffa ne, sahu ɗaya kuke sallah, yaya za ka ce ya sa hannu? Ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ka ce masa: "Malam, ba rashin yarda ba ne, rai ne ba a hannunmu yake ba. In na faɗi gobe, da me za ka nemi haƙƙinka wurin magada?" Ban taɓa ganin mutumin kirki ya ƙi wannan magana ba.

Yarjejeniyar ta ƙunshi zane da debi a manne, jimlar kuɗi, ranar farawa da ranar gamawa, abin da za a cire masa idan ya yi jinkiri ba da uzuri ba, wanda zai ɗauki nauyi idan lebura ya ji rauni, da yadda za a rabu idan abu ya ƙi. A rubuta da Faransanci don hukuma, a karanta wa kowa da Hausa ko Fulatanci a gaban shaidu biyu.

Zuciyarta ita ce tsarin biya. Kada a biya da kwanan wata, a biya da aikin da aka gama: bayan harsashi, bayan bango ya kai linta, bayan dakin ko rufi, bayan wuta da famfo da yaɓe, bayan tayil da fenti. Kowane biya sai injiniya ya je ya gani ya sa hannu. Kuɗin somawa kada ya yi yawa. Gwamnati ma a kwangilolinta na gini ba ta wuce kashi 20 cikin 100, kuma sai da lamunin banki. A kowane biya ka riƙe wani kaso, 5 zuwa 10 cikin 100, wanda ba za a ba shi ba sai gida ya ga damina guda. Ƙa'idar da zan so ka haddace: kullum aikin da ke ƙasa ya fi kuɗin da ka fitar. Ranar da kuɗinka ya wuce aikin, daga ranar kai ke bin sa kana roƙo.

Duk canjin da ya taso a tsakiya, ƙarin taga ko sauya tayil, a rubuta farashinsa a sa hannu kafin a taɓa. "Za mu daidaita daga baya" ita ce kalmar da ta fi raba zumunci a wurin gini.

Mataki na bakwai: ranakun da ba a yi ba tare da injiniya ba

Ba kullum ake bukatarsa ba, amma akwai ranakun da in ya rasa su, zuwansa daga baya ba shi da amfani, domin kankare ya riga ya rufe komai. Ranar da ake fitar da layin gini a ƙasa. Ranar da aka gama tonon harsashi kafin a zuba komai. Duk ranar da aka ɗaure rodi, na harsashi ko ginshiƙi ko dakin, kafin a zuba kankare: ya ƙirga sanduna, ya auna tazarar zobba, ya tabbatar an ɗaga rodin da 'yan tsakuwar siminti don kankare ya lulluɓe shi. Da kuma ranar zuba dakin, daga buhun farko har na ƙarshe, domin leburori sun fi son kankare mai ruwa-ruwa saboda sauƙin ɗauka, ruwan da ya yi yawa kuwa yana kashe ƙarfinsa.

Zafinmu na shanye ruwan kankare kafin ya nuna. A riƙa shayar da shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe da buhuna masu laima, a yi zubi da sassafe ko da la'asar. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, don haka kada a cire turakun ƙarƙashin dakin sai injiniya ya ce, galibi bayan mako uku. Yashin mayo in yana da laka, ka zuba shi a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye, lakar za ta kwanta a sama ka gan ta. Rufi kuma a ɗaure katakonsa da ƙarfen da aka dasa cikin kankaren saman bango, saboda guguwar farkon damina da ke yaye kwano duk shekara.

Idan kana Yawunde ko Duwala ko Njamena, ka buɗe zaure a WhatsApp mai mutum huɗu: kai, injiniya, ɗan kwangila, mai sito. Hoton rodi kafin zubi, hoton rasit, hoton shafin littafi duk ranar Alhamis. Kuɗi kuma ta banki ko Orange Money ko MoMo, kai tsaye zuwa ga ɗan kwangila, don kowane biya ya bar sawu. Kada kuɗin aiki ya bi ta hannun injiniya. Ranar da ya fara riƙe kuɗi, ya daina zama idonka.

In ya ce a fasa wani abu a sake, ka tsaya a bayansa ko da ranka bai so jinkirin ba. In ka goyi bayan magini sau ɗaya a gabansa, babu wanda zai ƙara jin maganarsa a wurin.

Mataki na takwas: karɓar gida

Ku zagaya ku uku, kai da injiniya da ɗan kwangila, da takarda da biro. A buɗe kowane famfo, a kunna kowace fitila, a rufe kowace ƙofa da taga, a zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga inda ya nufa, a ƙwanƙwasa tayil a ji wanda ke ƙarar fanko. A rubuta duk aibin da aka gani da ranar da za a gyara, kowa ya sa hannu. Bayan damina ta wuce ku sake zagayawa, a duba yoyo da tsaga da inda ƙasa ta zauna. In an gyara komai, ka sakar masa kason da ka riƙe a ranar, ba tare da ja-in-ja ba, haƙƙinsa ne.

Dokar farar hula da ake aiki da ita a yankinmu, a sashe na 1792, ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin babban lahani a gini har shekara 10, amma ba za ta amfane ka ba sai da takarda. Don haka ka haɗa titir, izinin gini, zane, lissafin injiniya, yarjejeniya, rasit da takardar karɓar gida a jaka ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya, ka nuna wa uwargida da babban ɗanka inda ka ajiye. Ka roƙi injiniya ya zana maka inda bututun ruwa da wayoyin wuta suka bi a cikin bango, ka sa wannan zanen ma a cikin jakar.